Hoto na Goma Sha Bakwai

Wata uku ina lissafi a bayan rasiɗi,
ni mai gyaran agogo a Ƙofar Marusa,
da na saba buɗe cikin lokaci da ɗan tsinke.
Na ce wa Tabawa, ran Laraba da hantsi
wata zai gitta gaban rana.
Ta ce, "Allah Ya kai mu. Gero dai ya ƙare."

Na ari gilashin walda wurin Nalado,
ya ce in ya fashe, biyu zan biya.
Na ɗaure shi a bakin kyamara da robar tayar keke,
tsohuwar kyamara, ƙafafunta uku,
biyu na asali, ɗaya muciya.

Muka hau soro, ni da Shafa, 'yar auta.
Bazara na gasa katanga.
Da farko ba komai,
sai ta cikin gilashi na ga an gutsiri gefen rana
kamar ƙosai a hannun yaron da aka aika.
Na danna. Na rubuta minti. Na sake dannawa.

Can sai haske ya soma rama.
Inuwa ta yi kaifi, iska ta sauya hali,
wani sanyi da ba na kakarsa ba ya shafi wuyana.
Kaji suka nufi akurki suna gunaguni,
balbelu suka juyo gida da rabin ƙoshi.
Yara na dukan gwangwani a lungu,
liman ya tayar da sallar kisfewa, ya ɗauko doguwar sura.
Na ce a raina, zan riske su a raka'a ta biyu.

Shafa ta ja mini riga.
"Baba, bar sama, dubi ƙasa!"
Ƙarƙashin bedin tsakar gida
jinjirin wata ya zube, ɗari, dubu,
a kan turmi, a bayan akuya,
a zanen uwarta.
Na cire gilashi, na juya, na danna ba awo,
ina jin haushin ɓarnar fim,
na mayar da gilashi, na koma ga aikin manya.

Sannan aka hure fitila.

Baƙin rami a tsakiyar sama,
farin gashi ya kewaye shi yana motsi a hankali.
Tauraro ɗaya ya leƙo saman Gobarau,
gefen duniya duka ya zama magariba,
gabas ma ta yi ja, kamar ta manta sunanta.
Hannun nan da ba ya rawa a kan zaren agogo
ya yi rawa.
Na danna, na danna, gilashi na nan a ɗaure.
Agogo biyu a damtsena, ban dubi ko ɗaya ba.
Ni da nake daidaita wa gari mintinsa
ban san minti nawa aka yi ba.
Na ji dai bakina yana tasbihi, ban aike shi ba.

Sai ɗigon wuta ya ɓullo a gefe,
zakara ya yi cara ta biyu a yini ɗaya,
cike da kunya.
Na sauko a guje, na tarar ana sallama.

Bayan mako na karɓo wanki.
Talatin da shida.
Wasu ɗan ɗigo ne a cikin baƙi,
kamar ƙwayar geron da ya ƙare.
Na lokacin duhu kuwa, duhu ne zalla,
na biya kuɗi an wanke mini dare.

Sai na goma sha bakwai, a karkace:
Tabawa tsaye, faifai a hannu,
watanni sun sauka a kafaɗarta, a goshinta,
tana dariyar da rabona da ita tun haihuwar Shafa,
akuya na cin gefen tabarma.

Shi na rataye a shago tsakanin agoguna.
Masu kawo gyara kan tambaya,
"Malam Barau, ina husufin a nan?"
Nakan nuna da tsinke.
Wasu su gani.
Nalado har yau yana cewa na karce masa gilashi.